Orest Ya Aurar da Macijiya

A garinmu Dolina, wanda ya ce zai yi suna da maciji daidai yake da wanda ya kasa ƙanƙara a faranti cikin watan Janairu yana jiran masu saye. Macizai masu ratsi sun fi mu yawa a nan. Baƙaƙe ne sirara, da ratsin ruwan ɗorawa tun daga kai har wutsiya, ba dafi, ba faɗa, sai wari in ka takura musu. Sanyi na kamawa su shige ramukan duwatsu su kwanta, ƙanƙara na narkewa su fito rututu, a ƙarƙashin matakala, cikin takalmin roba, har cikin kwandon wanki. Tsofaffi da tsintsiya suke share su daga bakin ƙofa. To a irin wannan gari ne Orest Babiuk ya miƙe ya ce shi da maciji zai fita kunya.

Orest ya ba hamsin baya, ba mata, ba tsayayyar sana'a, yana maƙale a ɗakin baya na gidan yayarsa Marusya. Baki dai Allah ya hore masa. In ka zagaya bayan gidan za ka iske tarihinsa a jere: rabin kwalekwale da ciyawa ta tsiro a cikinsa, garken jimina da jimina ba ta taɓa leƙawa ba, da wani injin iska da ya ce zai ba rabin gari wuta, wanda tun da aka kafa shi sau ɗaya ya juya, ranar da ya faɗo. Kowanne an buɗe shi da jawabi, babu wanda aka ga ranar gamawarsa.

Abu ɗaya yake so tsakaninsa da Allah, kuma har karnukan garin sun sani: Lesya mai shagon kofi, wadda mijinta ya rasu da daɗewa ya bar mata shagon da kaifin harshe. Kullum safiya Orest yana teburin bakin taga, ya nemi aurenta, ta zuba masa kofi, ta wuce. Wata safiya da ganye ya fara zuba ya sake maimaita karatun, sai ta ajiye butar ta tsaya a kansa.

"Orest, shanye kofin nan tukuna, ko shi ma rabi za ka bari?"

Baba Tekla, tsohuwar da ke juya matan kicin ɗin coci, ta ƙyalƙyale har shayi ya sarƙe ta. Metro Lazaruk mai kiwon shanu, wanda duk zaman da zai yi a shagon ba ya wuce kalma ɗaya, ya ci gaba da kallon kofinsa.

"Ba wasa nake ba, Lesya," in ji Orest.

"Ni ma ba wasa nake ba. Ka fara abu ɗaya ka kai shi ƙarshe. Ɗaya tak, in gani da idona. Ranar ka zo ka tambaye ni, zan amsa maka. Baba Tekla, kin ji. Metro, ka shaida."

"To," in ji Metro.

Mai hankali da ya je ya ƙarasa kwalekwalen nan. Orest kuwa sai ya cire injinsa, abu ɗaya mai rai a duk tarkacen, ya sayar, ya aika can kudu wajen wani mai kiwon macizai masu launi. Ba a daɗe ba ya shigo shagon kofi yana taku ɗaiɗai, riƙe da rigar filo a ɗaure.

"Kowa ya ajiye cokali," in ji shi. "Yau za ku ga abin da kakanninku ba su gani ba."

Ya zura hannu ya zaro macijiya zabiya, fara sol, mai jan ido da ratsi kamar man shanu. Ya ce sunanta Gimbiya. Ya sake zurawa ya fito da namiji ja wur, ya ce wannan Garwashi ne. Gaskiya dai suna da kyau, ko maƙiyin Orest ba zai musa ba.

"In na haɗa waɗannan biyu," ya ce yana ɗaga su sama, "'ya'yan za su fito ruwan hoda da ratsin zinariya. Launin da babu shi a duniya. Na riga na raɗa masa suna, Alfijir na Babiuk. Ranar bikin girbi, watan Agusta, a gaban kowa da kowa zan nuna su. Lesya, ki fara ɗinkin riga."

Baba Tekla ta gyara tabarau. "Tsaya, ɗan nan. Saye ka yi? Maciji? A Dolina?"

"Baba, wannan ba irin na bayan ɗakinki ba ne."

"Da ka zo mini da buhu ai da na cika maka har da gyara."

"Waɗancan talakawa ne, Baba. Wannan jinin sarauta ne. Ku duba natsuwa, ku duba yadda ya san ubangidansa."

Ya naɗa Garwashi a wuya kamar mayafi. Garwashi kuwa sai ya saki abin da maciji mai ratsi ke saki in ransa ya ɓaci, ya gangara cikin kwalar rigar Orest har ƙirji. Duk wanda ya tashi a Dolina ya san warin nan, amma na jinin sarauta ya fi ƙarfi. Masu karin kumallo suka bar ƙwai a faranti suka yi waje. Lesya ta bubbuɗe tagogi, ta nuna masa ƙofa da ludayi.

"Alama ce ta ƙauna!" Orest ya ɗaga murya daga bakin titi. "Haka suke yi wa wanda suka yarda da shi!"

"To ka je can ku ƙarasa ƙaunar," in ji Lesya, ta rufe ƙofa.

Akwai wata ƙa'ida a wannan kiwo, wadda mai sayarwa ya faɗa wa Orest a waya, shi kuma ya riƙa faɗa wa gari kamar shi ya gano ta. Maciji mai ratsi ba ya neman mace sai ya yi barcin sanyi. Dole a kwantar da shi watanni a wurin da ke da sanyi amma ba ya daskarewa, in ya farka sai ya tashi da zancen aure. Masu kiwo a firji suke sa nasu.

"A firjina?" in ji Marusya. "Kusa da madarata?"

"Yaya, ilimi ne."

"Ilimin ya kwana a ɗakinka. Shekaranjiya a kwandon saƙata na tsinci farar nan, jiya jan a cikin takalmina. Ka sa mini maciji a firji, kai da su ku nemi wani gidan."

Amma Marusya, kamar kowace mace a garin, tana da firji na biyu a gareji, inda take tara abincin coci. Kuma a Dolina ba a yar da bokitin askirim. In an shanye askirim a wanke bokitin, ya zama na miya, na kabeji, na kayan ɗinki, na komai. Kowane gida da tarinsu, duka farare, duka kama ɗaya. Orest ya saci guda, ya huda murfin da ƙusa, ya shimfiɗa ɗanyen gansakuka, ya kwantar da ango da amarya, ya tura bokitin can ƙurya bayan 'yan'uwansa. Ya yi niyyar rubuta suna a jiki, sai ya ce gobe.

Cikin tsakiyar sanyi tsoho Wasil mai raba wasiƙu ya rasu. Marusya ta wuni tana naɗe shinkafa da nama cikin ganyen kabeji don abincin makoki, ta cika bokitai ta jera a firjin gareji. Da safe mata suka zo da mota suka kwashe duk wani farin bokiti da suka gani. A kicin ɗin zauren coci aka jere su kusa da murhu don su ɗan yi ɗumi.

Orest bai san wainar da ake toyawa ba. Yana can cikin zaure ya tsare dangin mamaci da suka zo daga birnin Winnipeg, yana ba su labarin ɗakin bincikensa da yadda jami'o'i suke damunsa da waya. Fada, limamin cocin, ya miƙe zai sa wa abinci albarka, kowa ya sunkuyar da kai. A daidai nan Baba Tekla ta ɗora wani bokiti a teburin rabo ta ɓalle murfi. Ɗumin murhu ya riga ya yi aikinsa. Garwashi ya ɗago kai ya dubi jama'a, Gimbiya ta zubo kan farantin burodi.

Wata baƙuwa daga birni ta ƙwalla ƙara ta haye kujera da takalmi mai tsini. 'Yan gari kuwa ko gezau. Baba Tekla ta cafko su biyun a hannu ɗaya kamar igiyar shanya, ta ɗaga.

"Wace ce ta kawo wannan? Ko dafawa ba ta yi ba."

"Baba! Kar ki matse ta!" Orest ya taho yana ture kujeru. "Barcinsu! Kin katse musu barci!"

"Barci? Mai barci yana cikin akwati mun kai shi maƙabarta. Waɗannan waje za su."

Ta tura ƙofar baya da ƙafa ta wurga su. Orest ya bi su da tsalle, santsi ya kwashe shi, ya nutse cikin tarin ƙanƙara har kunne. Ya lalubo su ya cusa cikin riga don kar su daskare, ya dawo zaure yana kakkarwa, ya tsaya kusa da Fada kamar ba abin da ya faru. Fada ya ci gaba da addu'a. Bai kai rabi ba Garwashi da Gimbiya suka nuna wa ubangidansu ƙauna a tare. Fada ya yi tari, ya taƙaita, ya ce amin tun kafin lokacin amin.

Marusya ba ta jira an koma gida ba. A gaban dangin mamaci ta yi masa wankin babban bargo, tun daga jimina har injin iska, ta rufe da cewa in ta sake ganin wutsiya a gidanta, kayansa za ta watso titi.

"Ka ga irin abin da masu ilimi ke sha a hannun jahilai," Orest ya ce wa Metro a bakin ƙofa.

"To," in ji Metro, ya ɗan matsa gefe saboda wari.

Sai Orest ya tuna da kufan kakanninsu a bayan gari. Gidan ya rushe, amma ramin ajiye dankali yana nan, haƙe cikin dutse, sanyinsa daidai, ba ya daskarewa. Kowa a Dolina ya san su wa ke kwana a tsagogin ramin nan duk shekara, shi ma ya sani, don yana yaro da sanda yake tsokano su. Amma ya ce nasa a akwati za su kwana, akwatin da shi da kansa zai ƙera, wanda ko tururuwa ba za ta shiga ba. Ya ƙera kuwa. Ya buga ragar waya a murfi, gefe uku ya kafe su da ƙusa tsaf. Da ya zo na huɗu hannunsa ya ƙage da sanyi, ya ɗora ɗan dutse a kai, ya ce gobe zai dawo ya ƙarasa. Goben nan tana nan tare da goben kwalekwale.

Sauran sanyin a shagon kofi ya cinye shi, yana kwatanta ruwan hoda. Wata rana kamar kumatun jariri, wata rana kamar cikin kankana. Har ya fara tambayar Lesya ko za ta yarda a canja wa shagon suna bayan biki.

Da ƙanƙara ta narke, ciyawa ta fara leƙowa, Orest ya ce ranar ɗaurin aure ta zo. Ya gayyaci Lesya, ya gayyaci Baba Tekla, Marusya ta ce za ta zo don ta ga ƙarshen iya shege. Metro ya ɗebe su a a-kori-kurarsa, tunda motar Orest tana kan duwatsu tun bara, an kwance ta ba a ɗaura ba. Orest ya ɗaura taye a wuya, ya riƙo fitila, ya tsaya a bakin ramin ya gyara murya.

"Abin da za ku gani yanzu, a natse za ku gan shi. Zan tashe su a hankali, in gabatar da ango ga amarya, kamar yadda ake yi a gidajen manya."

Ya ja ƙofar ya haska. Ƙasan ramin gaba ɗaya motsi take. Baƙaƙen macizan Dolina sun farka sun riga shi, kuma a wannan lokaci namijin maciji mai ratsi ba abin da yake shinshina sai mace. In ya same ta ba shi kaɗai yake zuwa ba, duk unguwa ce ke rufe ta, su dunƙule a kanta. Dutsen da ke kan murfi yana ƙasa, ragar ta ɗage a gefe na huɗu, akwatin ya cika ya tumbatsa da wani dunƙule mai girman tayar mota, yana juyawa. Can tsakiya ake hango ɗan farin wutsiyar Gimbiya.

Baba Tekla ta leƙa ta kafaɗarsa. "Kai, biki ya yi jama'a. Ina angon?"

Marusya ce ta gano shi. Garwashi yana can saman wata kanta ta katako, ya naɗe cikin wata tsohuwar kwalbar gishiri, ya leƙo da kai yana kallon ikon Allah.

"Ga shi can," in ji ta. "Ya bar wa 'yan ɗaurin aure."

"Ku fita! 'Yan iska! Matsiyata!" Orest ya dira cikin ramin yana ɗiba da hannu biyu yana watsarwa. Ya jefar da goma, ashirin su dawo. Wasu suka shige hannun rigarsa, wasu ƙafar wando, kuma kowanne ya taɓa sai ya bar masa tsaraba. Da ƙyar ya zaro Gimbiya, ya ɗaga ta sama kamar mai tsallake kogi, ya tako matakala, ya taka wani, ya koma ƙasa da mazaunai. Da ya fito na biyu tayen yana bayan wuya, wani siririn baƙi yana leƙowa daga aljihun gabansa.

Lesya ta toshe hanci da gyale. "To, Orest, yaya ke nan?"

Wani ne da ya yi shiru. Orest ya karkaɗe gwiwa ya yi murmushi.

"Ba ku gane ba ne. Garwashi ya gama aikinsa tun cikin sanyi, a asirce, yadda masu asali suke yi. Shi ya sa ya hau sama yana hutawa. Waɗannan 'yan kallo ne kawai. Kuma jinin sarauta ba ya karɓar na talaka, ilimi ya tabbatar."

"Ni dai na ga 'yan kallo da ƙoƙari," in ji Baba Tekla.

"Agusta ba nisa," in ji Lesya.

A hanyar komawa, a bayan mota aka zaunar da shi, inda Metro ke ɗora 'yan maruƙa.

Gimbiya ta fara kauri, hancin Orest ya fara hawa. Ya mayar da ita tsohon garken jimina, ya tone lambun Marusya kaf yana neman tana da zai ciyar da ita, tumatir ya bushe, aka sake wani wankin. Garwashi kuwa wata rana ya sami ƙofa a buɗe ya kama gabansa, an ce an gan shi yana tsallaka titi ya nufi kudu. Orest ya ce ai ya sallame shi ne, aikinsa ya ƙare.

Ranar bikin girbi filin zauren coci ya cika. Tebura a jere, nan gasar kabewa, nan kwalaben kokwamba, nan teburin kek inda na Lesya yake tsakiya ana jiran alƙalai. Makaɗa suna gyara goge a kan dandamali. Orest ya sa aka ba shi tebur manne da na kek. Gimbiya ba ta haihu ba tukuna, amma wannan bai dame shi ba, ya ce zai nuna uwar da cikinta, ya bayyana launin da ke tafe, Lesya ta ga aiki ya zo bakin gaɓa. Ya sa ta a akwatin gilashi, ya yi murfin katako ya huhhuda shi da babban abin huji don ta sha iska, ya lulluɓe da mayafin tebur mai ado da ya zare daga durowar Marusya. Metro ya ɗauko akwatin a bayan mota, suka biyo hanyar tsakuwa mai gargada, rana tana dukan mayafin. Orest bai ɗaga ya duba ba, yana gaba yana bitar jawabi.

Ya sa fararen kwat da wando. Ya karɓi lasifikar masu gwanjo ba tare da an ba shi ba.

"Jama'ar Dolina! An yi mini dariya a garin nan. An kira ni mai rabin aiki. Yau zan ga bakin da zai sake faɗa!"

Mutane suka taru, don kallon Orest kyauta ne kuma bai taɓa ba da kunya ba wajen ba da kunya. Ya juya wa akwatin baya, ya fuskanci jama'a, ya kama gefen mayafin ya fizge da salo, idonsa a kan Lesya.

Maciji mai ratsi ba ƙwai yake yi ba, haihuwa yake. Tsakanin gargadar hanya da ɗumin mayafi, Gimbiya ta sauka. Tana kwance a gefe ta rame ta huta, kewaye da ita 'ya'ya sun fi a ƙirga, kowanne kamar igiyar takalmi, baƙi ƙirin da ratsin ruwan ɗorawa. Irin na ƙarƙashin matakala, irin na kwandon wanki. Ko ɗigon ruwan hoda babu.

Wurin ya yi tsit. Orest ya ɗauka mamaki ne ya kashe musu baki.

"Na'am, ku kalla da kyau! Abin da ke cikin akwatin nan babu irinsa daga nan har teku. Launi ne da idonku bai taɓa gani ba!"

Wani daga baya ya fashe, sai dariya ta kama kamar wutar ciyawa. Fada ya juya baya kafaɗunsa suna rawa.

"Ku yi dariya! Jikokinku za su yi alfahari cewa a garinsu aka fara!"

"Ɗan nan," in ji Baba Tekla tana share hawaye, "juya ka gaisa da jikokin maƙwabta."

Ya juya. Ya duba, ya matsa, ya goge gilashin da hannun kwat ya sake dubawa. Bakinsa yana motsi, amma karo na farko a tarihin Dolina ba abin da ya fito. Su kuwa jariran ba su tsaya jiransa ba. Hudojin da ya yi wa murfi daidai uwar ya auna, bai tuna da 'ya'ya ba. Suka riƙa zurarowa ɗaya bayan ɗaya, suka bi gefen tebur, suka haye na kek. Alƙaliyar gasa ta ɗaga cokali za ta ɗanɗana na Lesya, ta ga ana kallonta daga cikin kirim.

"Mayafina ne wancan?" Marusya ta taso. "Mayafin da mahaifiyarmu ta yi wa ado?"

Orest bai ji ta ba. Ya riga ya sha gaban Lesya, lasifika har yanzu a hannunsa, don haka duk filin ya ji.

"Lesya, launi na zuwa daga baya! Sai sun yi saɓa! Kuma ko ba komai ai na gama, ga 'ya'ya kin gani da idonki. Kin yi alkawari!"

Lesya ta zare ɗan macijin daga kek ɗinta, ta ajiye shi a ciyawa a hankali, ta goge yatsu.

"Gimbiya ce ta gama, Orest. Kai ko gefe huɗu na murfi ba ka gama ba." Ta dubi akwatin. "Amma ta burge ni. An kawo mata ja mai ƙyalli daga nesa, an cika ta da labarinsa, ta dube shi sama da ƙasa, ta zaɓi 'yan gida da ba su da surutu. Na daɗe ban ga mace mai hankalinta ba."

Ta kwance ƙyallen aiki daga ƙugu ta ninke, ta waiwaya.

"Metro, kana rawa?"

Metro ya dubi takalmansa, ya dubi Lesya, kunnuwansa suka yi ja fiye da Garwashi.

"To," in ji shi.

Makaɗa suka saki goge. Shugaban biki ya zo ya ƙwace lasifikarsa, ya ce ba wanda zai taɓa abinci sai an tsince macizan nan tas, kuma mai su ne zai tsince. Marusya ta dangwara wa ƙanenta farin bokitin askirim a ƙirji.

"Ungo. Wannan kam sai ka gama."

Haka Orest Babiuk ya durƙusa da fararen kwat ya shiga ƙarƙashin tebura yana rarrafe, yana kamo Alfijir na Babiuk ɗaya-ɗaya, kowanne ya kama sai ya nuna masa ƙauna a tafin hannu. Baba Tekla ta ɗaga gefen mayafin tebur ta leƙo ta ce in bokitin bai cika ba ya biya ta gidanta, akwai ƙari a bayan ɗaki. Ya ci gaba da tsinta. Daga inda yake ba ya hango fuskar kowa, ƙafafu kawai yake gani, kuma a cikinsu ya gane guda huɗu: jan takalmin Lesya na zuwa coci, da manyan takalman Metro masu busasshen kashin shanu, suna juyawa tare a kan ciyawa, ba mai taka wani.